Ordinata Mai Juya Fuska da Waken Gabi

Ɗan gwaggona ne ya kawo mini ita daga Katsina, a nannaɗe cikin tsohon bargo, ya cusa ta ƙarƙashin kujerar motarsa tsakanin kwalin taliya da jarkar manja. Direba ne mai ɗan taɓa kasuwanci, hanyar Ɗan Issa kuwa ya san ta kamar tsakar gidan uwarsa. Ni ina koyar da labarin ƙasa a wani kolej a nan Madarunfa, kuma na daɗe ina yi masa mita cewa ordinatar, wato kwamfutar, da nake aiki da ita ta gaji, sai an lallashe ta take tashi, in ta tashi kuma ta yi ta huci kamar jakin da aka yi wa lodin gero.

Mahaifina da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne tun ranar da aka yanke masa cibiya, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba. Ba na kiran sunansa sai a gaban baƙi. "Bawa" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "Madam", yana jan kalmar yadda ɗalibai suke yi in sun san ba su yi aikin da aka ba su ba.

Ranar ya shigo da sallama, ya zauna a tabarma ba a ce ya zauna ba, ya warware bargon a hankali kamar mai buɗe kayan lefe.

"Wagga ba irin taku ba ce," in ji shi. "Can Katsina laftof suke ce mata. Tsaya ki gani."

Ya buɗe ta kamar kowace ordinata, sannan ya ci gaba da tura murfin baya, har na ɗora hannu a ka ina jiran in ji ƙas. Ba ta karye ba. Ya ninke ta gaba ɗaya ta koma kamar allon karatu, maɓallan suna ƙasa, fuskar tana sama. Ya sake buɗe ta kaɗan, ya tsayar da ita a kan gefunanta kamar 'yar bukka. Duk yadda ya juya ta, sai hoton da ke fuskar ya ɗan yi jim, sannan ya juyo ya miƙe daidai da idon mai kallo.

"Kin gani? Ta san sama, ta san ƙasa. Abin da ke har yau ba ki sani ba, duk da takardunki."

"Ai ta yi ƙoƙari," na ce. "Ta yi tafiya da kai tun daga Katsina ba ta haukace ba."

Na kai ta Maraɗi aka mayar mini da maganarta Faransanci, muka fara zama lafiya. Abu ɗaya ne ya riƙa haɗa mu. Ni mai son karatu a kishingiɗe ce, in na dawo daga aiki na ci abinci, sai in ninke ta in kwanta a gefe ina duba darasin gobe. Da na karkata sai ita ma ta juya rubutun. In bi ta da wuya, ta sake juyawa. Maigidana yakan zauna a bakin ƙofa yana kallonmu, ya ce bai taɓa ganin mutum da kayansa suna wasan ɓuya ido da ido ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar ta zo wata ranar Talata. Da yammacin Litinin ta ce za ta sabunta kanta, kada a kashe ta. Na bar ta tana yi, sai aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, batirin kuma dama saura ƙiris, ta mutu a tsakiyar aikin. Da kuran ya dawo na sa mata caji, ban ko buɗe ta ba, da safe na jefa ta a jaka na tafi.

Darasin ranar a kan yankunan ƙasarmu ne. Na ninke ta na ɗaga ta sama a gaban aji don na baya su gani, na buɗe taswirar Nijar, ina ta bayani ban duba ba. Na ji aji ya yi tsit irin wanda ba na natsuwa ba. Sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu.

"Madam, yau Najeriya ce a bisanmu?"

Na leƙa. Agadas tana ƙasa, Maraɗi tana sama, rubutun duk ya yi adungure. Na juya ta, ta ƙi juyawa. Na girgiza ta, ko gezau. Maƙwabciyar yarinyar ta ce to in haka ne a yi maza a tare tabkinmu na Madarunfa kafin ruwan ya zube a garin Tawa. Aji ya fashe da dariya, ni ma na kasa riƙe fuska. Na kifa ordinatar ƙasa ta koma sama, na ƙarasa darasin a haka, kamar dama can haka na shirya.

A gida abin ya fi muni. In ta tsaya a buɗe kan tebur ba yadda za a yi in kifa ta, ga tambayoyin jarrabawa ina so in buga. Rubutu kansa a ƙasa, in na ja yatsa dama kibiyar ta tafi hagu, in na yi sama ta yi ƙasa. Na yi ta fama har kaina ya fara sara.

Da la'asar sai ga ɗan gwaggo, an gaya masa a fadarsu ta shan shayi cewa kayan da ya kawo sun kunyata ni a aji.

"Ba ni nan," ya ce. "Ku masu boko, abu kaɗan ya ruɗa ku."

Ya hura iska a duk wata kafa da ya gani a jikinta. Ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa yana saurare, yadda ake yi wa kankana. Ya ce zafi ne, ya ajiye ta kusa da randa ta sha sanyi. Da hakan bai yi ba, ya shiga ninke ta yana buɗewa, yana danna duk abin da babban yatsansa ya faɗa a kai, alhali Faransancinsa bai wuce na gaisawa da 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka ba. Can sai fuskar ta motsa. Ya yi kabbara. Amma ba miƙewa ta yi ba, kwanciya ta yi a gefe, rubutun ya koma yana gangarowa daga sama kamar ruwan indararo. Maɓallan jikinta kuma suka daina aiki ɗungurungum.

"Bawa, mi ka yi mata?"

"An samu ci gaba," ya ce. "Ɗazu a kife take, yanzu rabin hanya ta zo."

Ya fita da sauri kafin in sami abin jifa. Bayan kwana biyu ya dawo da wani ɗan allon maɓallai marar waya, bai fi tafin hannu biyu ba, da wani ɗan abu kamar ƙwayar wake da ake soka wa a gefen ordinatar. Ya soka, ya danna, haruffa suka fito.

"Ga shi nan na gyara."

"Fuskar fa?"

"Ki kwanta a gefe ki karanta. Ba dama kin saba ba?"

Da a nan ya tsaya, da na yafe masa. Sai ya koma fada yana ba da labarin yadda ordinatar Madam ta gagari malaman kolej kaf, shi da ko aji uku bai gama ba ya tashe ta. Maigidana ya kawo mini labarin yana danne dariya. Ranar da abin ya kai ni maƙura ita ce ranar da malamin lissafi ya tare ni a bakin ofis, da gaskensa, yana roƙon in haɗa shi da ɗan uwan nan nawa mai gyara, tasa ma tana ba shi wahala.

Ranar Asabar da safe na gama aikin gida, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke jikin katangarmu, don nan ne kawai rezon waya yake kamawa sosai. Na kira wata ƙawata da muka yi karatu tare, yanzu tana aiki a wani ofis a Yamai, irin waɗannan na'urori ne abincinta. Na zayyana mata komai, har da randar. Sai da ta gama dariya sannan ta fara.

Ta ce a cikin murfin akwai wani ɗan ƙaramin abu mai jin karkata, shi ne yake gaya wa ordinatar ina ne sama. Amma ba ya iya magana da ita kai tsaye, sai ta bakin wani ɗan shiri da ke tsakaninsu.

"Mu pilot muke ce masa," in ji ta. "Su can Najeriya direba suke cewa. Ina jin naki direban ne ya ɓace lokacin da kuran ya yanke."

"Shi ke nan," na ce. "Dama duk inda aka ce direba, to a nan matsalar take."

Ta sa na buɗe wani ɗan akwati a kusurwar fuskar, inda ake rage haske da ƙara sauti. A ciki akwai wurin kulle juyawa. Ya yi fari-fari kamar tufar da ta koɗe, in na taɓa ba ya amsawa. Ta ce kada in damu tukuna, in dai ordinatar tana buɗe kamar ta kan tebur haka yake yi, barci yake, sai an ninke ta yake farkawa. Na ninke. Bai farka ba. Ta ce to maganarta ta tabbata.

Daga nan ta bi da ni, ina karkace da wuya kamar kazar da ke hangen shaho, har muka kai wani wuri da aka jera sunayen duk kayan cikin na'urar. A gaban ɗaya akwai 'yar alama ruwan ɗorawa. Ta ce in cire shi. Na ce in cire kuma? Ta ce in cire, ba mutuwa zai yi ba, in an sake tada ordinatar za ta nemo shi da kanta, in dai na haɗa ta da salulata ta sami hanyar ɗauko sabo. Na cire da bismilla. Na kashe, na kunna, na miƙe tsaye riƙe da salula a sama kamar mai tallan ta, ina jiran abin ya sauka. Akuyar maƙwabta ta leƙo ta kan katanga ta daɗe tana kallona.

Da ya gama sauka na sake kashewa na kunna. Na shiga wurin daidaita fuska, inda yatsan ɗan gwaggo ya yi ɓarna, na mayar da ita kwance yadda aka san ta. Maɓallan jikinta suka dawo. Na ninke ta, na juya a hankali. Hoton ya yi jim, ya biyo ni. Na juya ta ɗaya gefen, ya biyo ni. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Sannan ƙawar ta nuna mini in taɓa makullin nan in zan kishingiɗa, fuskar za ta tsaya inda na bar ta, ba sauran wasan ɓuya.

Har za mu yi sallama ta ce bari ta ba ni gyara. In an kulle juyawar, akwai maɓallai biyu da ake dannewa tare, a taɓa maɓallin kibiya, fuskar ta juya inda kibiyar ta nuna. Ba kowace ordinata ke yarda ba, in gwada tawa. Tawa ta yarda. Na gwada da ɗan allon da bawa ya kawo, ya yi. Na koma bakin madafa na gwada daga can, fuskar ta kife a gindin darbejiya ba kowa kusa da ita.

Ina cikin wannan wasan Gwaggo ta yi sallama, da soyayyen kifin tabki a kwano. Gidanta ba nisa da namu. Tun da matar ɗanta ta rasu shekarun baya, ita ke riƙe da 'ya'yansa, kuma duk wanda ya yi masa maganar aure sai ya mayar da ita wasa ya tashi. Amma a 'yan watannin nan ya tsiri zuwa garin Gabi kusan kowane mako, wai sayen wake. Gwaggo ta sha gaya mini cewa ba ta taɓa ganin waken da ake sa wa sabuwar shadda da turare kafin a je saye ba.

Na nuna mata abin da na koya, don dai ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta zauna tana kallon fuskar tana kifewa tana miƙewa, tana tauna goronta a hankali.

"Ko daga nesa yana yi?"

"Yana yi, Gwaggo."

"In kin rufe abin ga da hijabi fa?"

Na rufe na danna. Fuskar ta kife. Gwaggo ta gyara zama.

"Ɗiyata, kada ki gaya ma kowa kin gyara ta."

Ni niyyata ba ta wuce in kunyata shi a kan maganar gyara ba. Sauran duk tsohuwar ce ta tsara.

Lokacin kokowa ne, ana nunawa a talabijin kowace yamma, gari duk ya ɗauka. Ba mu daɗe muna jira ba, wata la'asar aka ɗauke kuran ana gab da fara karawar da kowa ke jira. Ban yi minti nawa ba na ji sallamar ɗan gwaggo, tare da abokinsa, wani tela maƙwabcinmu. A zo a kalla a na'urar da ya gyara, tunda tana da batir. Maigidana ya shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin rumfa. Na haɗa ordinatar da salula, na tsayar da ita kamar bukka a kan ɗan tebur, na kulle juyawar, na koma gefe kusa da Gwaggo, wadda ta zo tun azahar wai taya ni tsinkar zogale. Ɗan allon yana kan cinyata a ƙarƙashin hijabi.

Ganin fuskar a miƙe, ɗan gwaggo ya ɗan yi turus, amma nan da nan ya murmure. Ya taɓo tela.

"Ka gani ko? Tsaf. Aikin hannuna ne wannan."

Na danna. 'Yan kokowa suka koma kai a ƙasa ƙafa a sama, makaɗa suna rataye kamar jemagu.

"Af," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago daga zogalen ba. "Ta sake. Tun shekaranjiya haka take yi. In an yi ƙarya kusa da ita sai ta kife."

"Haba Inna, wace irin magana ce wannan?"

"To ka faɗi gaskiya mu gani."

Ya yi dariya, ya dubi tela, ya dubi 'yan kokowar da ke tafiya a rufin sama. An kusa kama juna, kowa ya ƙagu.

"To, ban gyara ba duka. Na dai taɓa ta."

Na bar ta a kife.

"Na ɓata ta," ya ce da ƙarfi. "Shi ke nan?"

Na miƙar da ita. Tela ya riƙe baki. Ya matso kusa da tebur, ya yi gyaran murya, ya ce shi dai duk wanda ya kawo masa ɗinki, ranar da ya yi alkawari ranar yake bayarwa. Ban bari ya rufe baki ba na kife ta. Ni kaina atamfata tana shagonsa tun kafin sallah. Rumfar ta kaure da dariya, tela ya ja da baya yana a'uziyya, na sake miƙar da ita.

Maigidana ya juyo ya dube ni. Ya dubi hijabina, ya dubi gwiwar hannuna. Na san ya gane. Ya shafa gemu, ya fuskanci ordinatar ya ce, "Tuwon gidan nan ya fi na ko'ina daɗi a garin nan." Fuskar ta tsaya cak.

"Ka ji ko!" in ji ɗan gwaggo. "Ta lalace. Ga ƙarya tsagwaronta ba ta juya ba."

Ana cikin haka aka yi kaye a filin kokowa, ba wanda ya ga yadda aka yi. Gwaggo ta ture faifan zogale gefe, ta karkaɗe zanenta.

"Tunda ga mai shaida, bari in yi tambaya. Kai, mi ke kai ka Gabi?"

"Wake, Inna."

Na kife ta.

"Wake da gyaɗa."

Na kwantar da ita a gefe, don a ɗan sami canji.

"Akwai wani abokina da ba shi da lafiya."

Na sake kifewa. Tela ya ce, "Malam, ka faɗi gaskiya mana, za a fara zagaye na gaba."

Ɗan gwaggo ya cire hula ya share goshi, alhali ana sanyi. Da ya buɗe baki, muryar ba ta fada ba ce, wata ce da rabona da jin ta tun ranar zaman makokin matarsa.

Ya ce akwai wata mata. Bazawara ce, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mijinta ya tafi cirani Najeriya, ciwo ya kama shi can, gawarsa ma ba a kawo ba. Tana da 'ya'ya biyu. Ya fara ne da ɗaukar mata jarkokin mai zuwa kasuwar Maraɗi, har abin ya zama abin da ya zama. Ya ce ya kasa gaya wa Inna ne don ya san yadda take son marigayiya, har yau ba ta bari a taɓa kwanukanta, kuma yana tsoron ta ce zai ƙaro mata 'ya'yan wani a kan waɗanda take fama da su.

Yatsuna suna kan maɓallan, na miƙar da fuskar, na janye su a hankali. Ba wanda ya kula.

Gwaggo ta goge ido da bakin mayafi, ta yi tsaki.

"Shi ne kake ta ɗora ma wake laifi? Ni na ce maka ka zauna haka har ka tsufa? Wadda ta tafi ta tafi, Allah ya jiƙanta, ba ta ce a binne ka da ita ba. Jibi ka wanke motar nan taka mai warin manja ka kai ni in gan ta."

Ya ce to, kansa a ƙasa. Maigidana ya yi addu'a aka shafa. Ni kuma na yunƙura in kawo musu ruwa, na manta da abin da ke kan cinyata. Ɗan allon ya zamo daga hijabi ya faɗi tsakiyar tabarma, ƙwas.

Ɗan gwaggo ya dube shi. Ya ɗauka, ya juya shi gaba da baya. Ya dubi uwarsa, wadda ta koma kan zogalenta kamar ba ta taɓa ganin abin ba.

"Ni na sayo wannan," ya ce. "Da hannuna na kawo shi gidan nan."

"Allah ya saka da alheri, bawa. Yana aiki sosai."

Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya ce ai shi tun kifewar farko ya gane, ya dai biye mana ne don kada tsohuwa ta ji kunya. Tela ya ce, "Madam, don Allah karɓi abin nan ki kife ta." Har yau in an tada maganar haka bawa yake cewa, ya sani tun farko. Ni dai na ga gumin.

An ɗaura auren kafin faɗuwar damina. Matar kirki ce, mai yawan shiru, amma in ta yi magana ɗaya sai ka kwana kana dariya. Da aka ba ta labarin yadda aka yi, cewa ta yi dama ta yi mamakin yadda ya yi saurin samun baki.

Sai dai bawa bai bar ni haka ba. Ranar walima ya bi ta wajen mata yana gaisawa, ya rage murya yadda kowa zai ji, ya ce su yi hankali da gidan Madam, tana da na'urar da ke kama ƙarya, shi da kansa ta kama shi, a tambayi tela. Tela kuwa, don kada a ce shi kaɗai aka yi wa dariya, ya ce ƙwarai da idonsa ya gani.

Tun daga washegari na fara baƙi. Wata ta zo da 'yarta, wai a tambaye ta inda ɗan kunne ya shiga. Wata tana so a kira mai awon da take zargi da danne mudu. Wani dattijo da ya saba biyowa ta ƙofarmu zuwa masallaci ya canja hanya, yana zagayawa ta bayan kangon makaranta. Maigidana ya ce wasa ya isa haka, ba zai zauna a mayar masa da gida na boka ba, duk wadda ta zo in nuna mata gaskiyar abin. Haka na riƙa yi. In zaunar da mace, in ninke ordinatar, in nuna mata yadda take bin hannu, in kulle, in ba ta ɗan allon ta danna da yatsanta. Wasu su yi dariya, wasu su tafi ransu a ɓace kamar na hana su wani abu.

Ta ƙarshe da na tuna ita ce maƙwabciyarmu mai akuya. Mijinta dillalin dabbobi ne, kullum in ya dawo daga kasuwar Safo sai ya ce ba a yi ciniki ba. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, ta saurara, ta danna da kanta, fuskar ta kife, ta danna ta miƙe. Ta yi ta maimaitawa har hannunta ya saba.

"To kin gani," na ce. "Ba aljani, ba komai. Ke ce kike juya ta."

"Na gani," ta ce. Ta leƙa ƙofa, ta dawo da murya ƙasa. "Amma shi ai bai sani ba. Ranar kasuwa da yamma za ki yi aiki da ita?"